Sun Ce In Faɗa wa Matan Gari Ukku Yadda Nake Daddawata

Daga admin: Wata uwa ce ta aiko da wannan ta saƙon murya, ta ce a sakaya sunanta. Na rubuta yadda ta faɗa, ban taɓa mata harshe ba sai inda ya zama dole. A ba ta shawara cikin ladabi, sa'ar kakannin wasunmu ce.

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, manya da ƙanana, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙurin zaman ƙasarmu. Don Allah ku ba ni shawara. Kuma ku san ba ƙaramin abu ya sa bakina ya faɗi haka ba, don ni a unguwarmu ni ake iskowa da matsala, in anka yi rikicin aure ni ake kira, in biki ya tashi ni ke faɗin abin da za a dafa, ban saba zama ƙasa ina tambayar yara ba. Amma kwanakin ga na kasa zama wuri guda, in zauna in tashi, in shiga ɗaki in manta abin da ya kai ni, shekaranjiya ruwan kanwa na zuba wa akuyata maimakon ruwan dusa, ta tsaya tana kallona kamar ta ce lafiya dai. Mutanen gida kowa na da nasa ra'ayi kuma kowa cikinsa yake dubawa, shi ya sa na ce bari in tambayi waɗanda ba su san ni ba.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba anka cire ni, amma ba a taɓa yi mani wayo a kasuwa ba. Haihuwar wani ƙauye ce ni ta wajen Zurmi, aure ya kawo ni Ƙaura tun jirgin ƙasa na shigowa yana kuka yara na bin shi da gudu. Sana'ata daddawa, ita na iske uwata na yi, ita ma ita ta iske. Ba yabon kai ba, ku tambayi duk wanda ya san miya a garin ga, tawa daban take. Ba ta ɗaci, ba ta hunhuna da damina, ba ta tsutsa, in kin ajiye ta tun kaka za ta kai ki wata kakar tana ƙamshinta. Alhazai sun sha sa ta cikin jaka su tafi da ita, matan ma'aikata in anka canza ma mazansu wurin aiki aikowa suke a saya masu. Da ita na aurar da ƙannena, da ita na riƙe gida bayan rasuwar maigidana, da ita na yi rufin kwano.

To aikin daddawa ba ɓoyayye ba ne, kowace mace ta san a dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, ta dahu lugub, a surfe a wanke, a sake dafawa, a zuba a masaki a rufe ta kwanta har ta yi, a daka a yi mata fasali a shanya. Amma tsakanin dahuwa ta biyu da rufewa akwai abin da muke yi mu 'yan gidanmu, kuma in lokacin ya zo kowa fita yake, a ja ƙofa. Haka na tashi na gani. Dokar ita ce ba a nuna ma kowa sai ɗiyar da kika haifa da cikinki. Ba a nuna ma maƙwabciya, ba a nuna ma matar ɗa, don matar ɗa yau tana gidanki gobe in zama ya ƙi ta tafi da shi wani gida. Ita ma ɗiyar ba a nuna mata sai hannun uwa ya fara rawa. Ni sai da na haifi 'ya'yana duka sannan uwata ta ce in tsaya kar in fita. Da ta gama nuna mani ta ce ki riƙe ma ɗiyarki, na ce to Inna. Ba ta sa na dafa Alƙur'ani ba, amma na ce to, kuma ba ta daɗe ba bayan nan.

Kun dai san yadda ƙasar ga ta koma, ba sai na tsaya ba ku labari ba. Ɗorawa a daji take, dajin kuma ya gagari shiga. Kalwa ta yi wuya, icce ya yi wuya, hanyar Shinkafi da muke bi muna gyangyaɗi cikin mota yanzu da addu'a ake shigarta da addu'a ake fita. Mata sunka cika Ƙaura daga ƙauyuka, kowace da goyo da tukunya, kuma mace in ta rasa abin yi daddawa da awara take kamawa. Kasuwa ta cika, wagga ta karya farashi, waccan ta ƙara karyawa, har munka koma gaba da juna a kan abin da bai kai ya kawo ba. Saboda tsadar kalwa kowa ya koma haɗawa da waken suya, ni ma ina haɗawa, ba zan yi maku ƙarya ba, amma tasu in sun haɗa ba ta jimawa take yin furfurar hunhuna, tawa ko ko wanda ya fi kowa hanci ba ya ganewa.

Ana nan sai wata mata ta zo, zan kira ta Hajiyar Shinkafi, 'yar kasuwa ce mai bakin magana, irin matan ga da in sun shigo gida sai ka ɗauka su sunka gina shi. Ta ce wahalar da muke sha guda ce, mu na Ƙaura da na Shinkafi da na Zurmi, mi zai hana mu haɗa kai, a sayo kalwa da wake a dunƙule daga nesa, a sa mota guda ta ɗauki kayan kowa maimakon kowace mace ta hau hanya da ranta a hannu. Ta ce kuma akwai doka guda, duk wadda ta shigo sai ta zube abin da ta sani a tabarma, ba mai ɓoye dabara, in wata ta gano hanya mai sauƙi ta faɗa kowa ya ɗauka, wadda ta ɗauka in ta ƙara gyarawa ta maido. Waɗanda ba su iya zuwa taro saboda hanya sai a ɗauki magana a waya a tura masu. Na ce mata Hajiya ni fa tsohuwa ce, ƙungiya ta yara ce. Ta ce Inna sunanki muke so, in anka ji kina ciki kowa zai shigo. To kun san mutum da son a yabe shi, na shiga. Maganar zube dabara kuwa na ji ta da kunnena, amma na ɗauka irin maganar taro ce da ake yi a tashi a kakkaɓe zane.

Ashe da gaske suke. Matan Shinkafi sunka nuna mana shanya a kan gado mai tsawo da rufin gidan sauro, ba ƙuda ba ƙasa ba kaji. Wata daga Dauran ta nuna yadda ake gasa wake kaɗan kafin a ɓare, ɓawon ya fita ba sai hannunki ya yi kanta ba. Wata yarinya mai awara ta kawo dabarar sayar da dusar wake ga masu kiwo, abin da da zubarwa muke. Duk na ɗauka, duk na amfana, ban ƙi ko guda ba. Amma wadda ta fi tsaya mani a rai ita ce wata Bafillata, bari in ce da ita Dije, ba sunanta ba ne. Daga wajen Jangeru suke, anka kwashe masu shanu, mijinta ya rasu a kan hanyar bin sawu, ta komo Zurmi tana zaune a wani kango da 'ya'yanta. Ran da ta fara zuwa taro wasu mata sun ɗaure fuska, kun san halin da ake ciki, kowa na kallon kowa. Sai ta nemi laka da ɓawon gyaɗa, ta zauna gabanmu ta gina wani murhu mai wuya kamar tulu, wanda ake ɗura ma ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa a danne, ya yi ta ci a hankali tun safe har la'asar. Ta ce ita ta ƙirƙiro shi don tsoron aika 'ya'yanta icce, kuma har ta fara gina ma mutane ana ba ta ɗan abin sayen gari. Wato abin da take ci da shi ke nan, ta zube shi gabanmu kyauta, anka ɗauka a waya anka watsa gari ukku. Ku kuma ku san dafa kalwa icce take ci kamar gobara, ɗana ne ke shiga bayan gari da mashin yana samo mani, duk ran da ya fita ba ni da natsuwa sai na ji ƙarar mashin ɗinsa a ƙofa. Tun da na gina murhun Dije, ɗana bai sake shiga daji don ni ba. Wanga abu ko a gaban Allah ba zan musa ba.

To layin faɗin dabara na ta zagayowa. In anka ce yau Inna ce za ta buɗe mana, sai in ba su labarin zamanin jirgi, in kwaikwayi muryar masu awo na da, su yi ta dariya har lokaci ya ƙure. Wani zagayen na koya masu yadda ake gane kalwa mai kyau da wadda ta kwana a ruwa, wani zagayen na ce ƙafata ke ciwo. Sun gane, ba yara ba ne. Sunka laƙa mani suna wai Inna Mai Kwaɗo, in na shigo wata ta ce ku matsa ga mai makulli nan, in ce eh, gidan da ke da kaya shi ake sa ma kwaɗo, naku ai a buɗe yake don ba abin ɗauka. A yi dariya a wuce. Na ɗauka haka za mu yi ta tafiya.

Sai ga wani ɗan kasuwa daga birni, mai ƙulla kayan miya a leda da suna a jiki yana kai wa manyan shaguna har Kudu. Hajiyar Shinkafi ta nemo shi. Anka tara mashi daddawar mata da yawa ba tare da an faɗa mashi ta wace ce ba, ya tafi da su ya ajiye tsawon damina. Da ya komo duk sun yi hunhuna ko sun canza wari sai guda, ba sai na faɗa maku ta wa ce ba. Ya ce in ƙungiya za ta iya yi mashi irin wagga, duka iri guda, zai riƙa aiko mota yana ɗauka duk wata, kuma da sunan ƙungiya za a buga leda, da sunan garuruwan ga ukku. Ya ce in ba a iya ba shi ba ya wasa da sunansa, zai nemi wani wuri, ya ba mu zuwa bayan kaka. Yawan da yake so ko na haɗa da aljanu ba ni iya yin shi ni kaɗai. Ranar da anka faɗi haka a taro na ji daɗi har kunnena, ba zan ɓoye ba, sai da na ɗago kai na ga idon mata duk a kaina sannan daɗin ya koma ciki.

Hajiya ta biyo ni gida. Da farko da lallashi, ta ce Inna ki duba, in wagga kasuwa ta buɗe ba masu daddawa kaɗai za su ci ba, masu noman wake za su ci, masu kabu-kabu za su ci, masu dakau, masu ɗinkin buhu, yaran da ke zaune bakin tasha ba aikin yi har ɓata-gari na ja masu ra'ayi. Ta ce an daɗe ana cewa yankinmu ba ya fitar da komai sai labarin mutuwa, ga dama ta zo a ga sunanmu jikin abin kirki. Na ce Hajiya duk na ji, amma abin uwata ne, ba nawa ba ne ni kaɗai. Ta ce murhun Dije na uban wa ne da kika gina har biyu a gidanki. Nan raina ya ɓaci, na ce ni ban roƙi kowa ba, kawowa anka yi. Ta ce ai dokar kin ji ta ran da kika shigo, kin ci na kowa kin hana naki, in da wata ce ba ke ba da tuni an cire ta, furfurarki ake dubawa. Na ce to a daina dubawa, a cire ni, da can da ba ku ina cin tuwona. Ta ce ba a cire ki, za dai a bar ki da Allah da idon matan da sunka sa rai. Ta ɗauki mayafinta ta fita ko ruwan da anka kawo mata ba ta sha ba. Tun ran nan in munka haɗu gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaye.

Yanzu bari in faɗa maku abin da ke riƙe ni, don kar ku ce rowa ce kawai. Abin da ya shiga waya ba ya da gida. Yau a tura ma matan Zurmi, gobe ƙanwar wata ta tura ma ƙawarta a Gusau, jibi yana Kano wurin masu inji. Mun gani da idonmu, shanyar gidan sauro da matan Shinkafi sunka ba mu yanzu har waɗanda ba su taɓa zuwa taro ba suna yi, kuma su ke karya mana farashi. Shi kansa ɗan kasuwar, in ya ji dabarar mi zai hana shi ɗaukar ma'aikata can kusa da shi ya bar mu da hanya mai ɓarayi? Na faɗa ma Hajiya haka, ta ce sai a yi yarjejeniya, na ce da wa, da iska? Sannan akwai abin da ban taɓa faɗa ma kowa ba sai ku, tunda ba ku ganin fuskata. Abin ga da muke rufe ƙofa a kansa ƙarami ne. Ba tsafi ba ne, ba rubutu ba ne, ba wani icce daga ƙasar waje ba. In na buɗe baki, kafin ruwan shayi ya tafasa kowace mace ta iya. Ni kaina ran da uwata ta nuna mani sai da na ce a raina, wanga ne duka? To shi nake tsoro. In tsaya gaban matan da ke ce mani Inna suna matsa mani tabarma, in faɗa, in ga sun kalli juna sun ce au, dama wanga ne. Daga ranar na koma tsohuwa kamar kowace tsohuwa, daddawata ta koma cikin leda guda da ta kowa, ba mai sake tambayar ƙofar gidana.

Na kira ɗiyata, ita kaɗai ce mace da na haifa, tana aikin asibiti a Gusau, ita ce mai gadon abin. Na ce ga halin da ake ciki, hannuna kuma ya fara rawa, ki zo in nuna maki tukuna, in ya so ke ki yanke. Ta yi dariya ta ce Inna don Allah ki ba su, ni mi zan yi da shi, in shiga ɗakin haihuwa ina warin daddawa? Ta ce ai sadaka ce mai gudana. Wai sadaka. Da warin ga anka biya mata kuɗin makaranta har ta sa fararen kaya. Na kashe waya, amma ranar ban ci abincin rana ba. Wato wadda anka ce in riƙe ma ba ta so, to wa nake riƙe ma?

Sai kuma matar ɗana. Har yau Amarya nake ce mata ko da yake ta cika mani gida da jikoki. Tun da anka kawo ta ita ke surfe, ita ke wanki, ita ke tsayuwa gaban wuta, hannunta duk ya yi baƙi da ruwan kalwa, kuma duk ran da lokacin ya yi sai in ce Amarya je ki duba yara, ta aje muciya ta fita, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba, ba ta taɓa leƙe ba, na sani don na sha gwada ta. Da ta ji maganar ƙungiya sai ga ta ta durƙusa gabana, abin da ba ta saba ba, ta ce Inna ina da magana. Ta ce shekara da shekaru kina fitar da ni kamar kaza, na haƙura don na san doka ce, ina cewa wata rana za ki tuna ba inda za ni. Ta ce yanzu in ji a waya, tare da matan da ba su taɓa ɗauke maki ko guga ba? Ta ce in kin tashi bayarwa ni za ki ba, ni kaɗai, don gonar ɗanki tana daji ba ta nomuwa, kabu-kabu yau a samu gobe a hana hawan mashin, wagga daddawa ita ce abincin jikokinki bayan ranki, in kin raba ma gari ukku kin raba tuwonsu ne. Na ce ke Amarya yaushe bakinki ya buɗe haka, ta ce tun da daɗewa Inna, rufe shi nake. Na kore ta da faɗa, amma maganarta ba ta fita ɗakin ba. Tana da gaskiya, kuma Hajiya ma tana da gaskiya, abin da ke hana ni zama ke nan.

Na tambayi ɗana, ya ce shi ba ya shiga tsakanin uwarsa da matarsa da Hajiyar Shinkafi, gara a aike shi daji. Na aika anka tambayar mani malamin unguwa, ya ce tunda ban rantse ba babu kaffara, kuma ilmin da zai amfani jama'a ɓoye shi ba kyau, amma kuma dabarar sana'a haƙƙin mai ita ce, ba a tilasta mata. Wato ya maido mani kayana yadda na aika su. Shi ma ɗan kasuwar ya aiko a asirce, wai in ƙungiya ta gagara zai riƙa ɗaukar tawa kaɗai ko kaɗan ce, ya buga sunana a jiki. Na ji daɗin wagga ma, Allah ya yafe mani, sai kuma na tuna a motar ƙungiya za a ɗora ta, matan da na hana su za su ɗaga buhun.

Abin da ya sa na ce yau sai na yi magana shi ne, ɗazu da hantsi sai ga sallama, na fito na ga Dije. Daga Zurmi ta hau mashin, ta wagga hanya da maza ke tsoro, da ƙullin kalwa da wake a cinyarta. Ta rame. Ashe daddawar da ta yi da damina duk ta lalace, ta zubar, murhun ma yanzu ba mai kiranta gini tunda kowa ya iya. Na shimfiɗa mata tabarma ina jiran ta fara roƙo ko gori, na ma shirya amsa. Ba ta yi ko guda ba. Ta ce Inna ban zo tambayar ki komai ba, na san abin uwa da nauyi. Ta ce wanga shi ne abin da ya rage mani, ina tsoron in sake yi ya lalace, ki haɗa da naki ki yi mani, ni zan yi surfe in yi wanki in hura wuta, in lokacin rufe ƙofa ya yi ki faɗa mani in fita, ba zan ji haushi ba. Na ce Dije ke da kika ba mu murhu ba ki yi nadama ba? Ta ce wani lokaci ina yi, in yara sun kwana da yunwa, amma in na ga hayaƙi na tashi a gidajen mutane ba wanda ya shiga daji sai in ji sanyi. Ta faɗi haka ta tashi ta kama tsintar tsakuwa a kalwa kamar gidansu.

Ga su can yanzu ita da Amarya a tsakar gida, kalwa na kan wuta, ni kuma na shige ɗaki na riƙe waya ina magana da ku. Gobe in Allah ya kai mu za a yi dahuwa ta biyu, kuma dahuwa ba ta jiran mutum ya gama tunani, in ta yi sai a sauke.

To jama'a ku faɗa mani. In fitar da su su biyu kamar yadda anka saba, in yi ma Dije tata in ba ta ta tafi, in cika ma uwata alkawari ko da wadda anka ce in riƙe ma ta ce ba ta so? Ko in tsayar da Amarya ita kaɗai, Dije ta fita kamar yadda ta ce, in kalli bayanta tana fita daga ɗakin da murhunta ke ci? Ko in bar su duka, in ce Amarya ta danna waya a tura gari ukku, abin da zai faru ya faru, jikokina su ci da rabonsu cikin na jama'a? In akwai wanda ya san yadda ake ba mutane da yawa abu kuma bai zube a titi ba, ya faɗa mani yadda ake yi, da Hausa, ba da turancin taro ba. Kuma masu cewa Inna ki ji tsoron Allah, na ji, ina jin tsoronsa tun ba a haife ku ba, ba wa'azi na zo nema ba. Ku dai faɗa mani, gobe in na sauke tukunya na juyo na gan su tsaye su biyu suna jiran bakina, sunan wa zan kira in ce ta fita?